Wa ya cinye biskit ɗin aji?

A makarantun firamare da dama na Ingila da Amurka, malamai kan haɗa wa yara wata 'yar dabara. Da safe su tarar an kewaye kusurwar aji da igiya, gwangwanin biskit a buɗe ba ko ɓurɓushi, ga farin gari a ƙasa, ga takarda an rubuta da baƙar tawada. Malamai uku ko huɗu ake zargi, yara ne masu bincike.

Da zanen yatsa ake farawa. Yaro ya goga fensir a takarda har ta yi baƙi, ya murza yatsa a kai, ya manna salatif ya ɗago, ya liƙa a farar takarda. Sai ga zanen ya fito ɓaro-ɓaro. A littafinsa na 1892, masani Francis Galton ya kasa zanen gida uku: mai lanƙwasa, wanda ya haura kashi 60 cikin ɗari, mai zagaye, da mai ɗan tudu, wanda yake wajen kashi 5. Ko Hassan da Hussaini da suke kama sak, zanensu daban ne.

Tawada ce ta fi burge yaran. A ɗiga ta a takardar tace kofi, a tsoma bakin takardar a ruwa. Ruwa na hawa, baƙin na rarrabewa zuwa shuɗi da ja da ɗorawa, kowane alƙalami da irin jerinsa. Garin kuma, in bakin soda ne zai yi kumfa da ruwan khal, in fulawa ce aidin zai mayar da shi shuɗi mai duhu.

Tushen duk wannan ra'ayin Edmond Locard ne, wanda ya buɗe ɗakin binciken 'yan sanda a Liyon ta Faransa a 1910: duk abin da ya taɓa wani sai ya bar alama. Masu bin sawun ɓarayin shanu ba sa buƙatar a gaya musu haka.

Inda aikin yake da wuya shi ne hana yara gaggawa, don tun kafin a taɓa salatif sun gama ɗora laifin a kan malamin da ya fi tsanani. Malamar da ta san hannunta takan sa mutum biyu su riƙe alƙalami iri ɗaya, ta yadda tawada kaɗai ba za ta raba gardama ba, sai an dawo kan yatsa da gari.