Yadda Aka Ɗauki Nauyin Birnin Balin Ta Sama

Ran 24 ga watan Yuni, 1948, hukumar Rasha ta toshe hanyoyin mota da na jirgin ƙasa da na ruwa masu shiga yammacin birnin Balin. Mutum fiye da miliyan 2 suka wayi gari a tsare. Tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka raba Jamus da babban birninta tsakanin Amurka da Ingila da Faransa da Rasha, shi kuwa birnin yana can tsakiyar yankin Rasha. Abin da ya tayar da rigimar shi ne sabon kuɗin da ƙasashen Yamma suka fitar a yankunansu.

Hanyar sama kaɗai ta rage, domin ita ce aka yi wa yarjejeniya a rubuce tun 1945. To, amma fa ciyar da birni ta sama ba wasa ba ne. An ƙiyasta ana bukatar wajen tan 4,500 na kaya kowace rana, alhali kuwa jirgin C-47 da aka fara aikin da shi tan 3 kawai yake ɗauka. Sai da aka kawo C-54 mai ɗaukar tan 10 sannan lissafi ya fara daidaita.

Kowane buhu sai an auna amfaninsa da nauyinsa. Aka riƙa busar da dankali, madara kuma aka kai ta gari, don kada jirgi ya yi dakon ruwa. Gishiri, da yake yana cin ƙarfe, sai aka ɗora shi a jiragen Ingila masu sauka a kan ruwa. Kwal ne uban kaya: wajen kashi biyu cikin uku na dukan abin da aka kai shi ne. Janar William Tunner na Amurka ya tsara tashin jirage minti uku uku, ya kuma kafa doka cewa matuƙin da ya kuskure sauka ba ya sake gwadawa, sai ya juya da kayansa.

Wannan nauyi ne da sikeli ke aunawa. Akwai wanda ba ya aunuwa. Janar Lucius Clay, gwamnan soja na yankin Amurka, ya so a kutsa da ayarin motoci da rakiyar soja. Shugaba Truman bai yarda ba, don harsashi ɗaya na iya tayar da wani sabon yaƙi. A Ingila kuwa, Ministan Harkokin Waje Ernest Bevin ya dage a ciyar da abokan gaban jiya, a lokacin da 'yan ƙasarsa ke sayen nama da sukari da katin rabo. Lalle wannan ba shawara ce mai farin jini ba.

Mafi nauyi ya faɗa kan mutanen birnin. Lantarki awa huɗu suke samu a rana, hunturu kuma ya same su ba isasshen makamashi. Rasha ta yi musu tayin abinci in sun yi rajista a gabashin birnin, amma kaɗan ne suka je. Jagoransu Ernst Reuter ya tabbatar wa Clay za su jure. Dubbansu, da yawa mata, suka gina filin jirgin sama na Tegel cikin kimanin wata uku.

Rasha ta buɗe hanya ran 12 ga watan Mayu, 1949, amma jigila ba ta tsaya ba sai ƙarshen Satumba. An yi sawu fiye da 270,000, an kai kaya tan miliyan 2 da ɗoriya, Amurkawa da Ingilishi kimanin 70 sun rasa rayukansu.

Da jirage suka huta, ɗawainiyar ta koma kan mai biyan haraji. Tun Disamba 1948 aka wajabta wa mai aika wasiƙa a Jamus ta Yamma ya manna ƙarin kan sarki na fenik 2 don tallafa wa Balin. Ba a soke wannan kan sarki ba sai a 1956.