Gyartan Kakan Goge

Ɗauki gogen da ka sani, ka yi ta ba shi dusa da harawa kamar ragon layya har ya kai tsayin ƙato, kusan mita biyu. To, ka samu abin da Faransawa ke kira kontarbas. Tsirkiyarsa huɗu, ana goga ta da izgar doki mai shafin ƙaro, kamar dai namu. Sai dai makaɗin a tsaye yake, ya rungume shi kamar mai tallafe buhun tattasai kada ya zamo daga kan jaki. Muryar kuwa, sai ka ce bajimi na gurnani cikin rijiya.

Ba ƙwaryar da za ta kai girman nan, don haka da katako ake sassaƙa cikinsa: mai laushi a gaba, mai tauri a baya. Tattasan bakin Komadugu makonni kaɗan yake sha a shanya, katakon nan kuwa shekaru. Can ciki akwai wani ɗan sanda da ke tokare gaba da baya, kamar ginshiƙin tsakiyar ɗaki, babu gam babu ƙusa, matsi kaɗai ke riƙe da shi. Faransawa “kurwa” suke ce masa. In ya gusa kaɗan, murya ta sauya.

Gam ɗin ne ya fi ba ni sha'awa. Ka taɓa barin romon ganda ya kwana ya daskare? Shi ke nan, daga fatar dabba ake dafa shi. Da gangan ake zaɓarsa, domin in iska ta bushe irin ta hunturunmu, gara haɗin ya saki da allon ya tsage. Kuma da ɗan ɗumi da danshi mai gyara zai buɗe cikin kamar mai ɗaga murfin tukunya. Aikinsa na gyartai ne. Gyartai yana ɗinke tsaga, shi kuma yana liƙa ƙananan faci na katako ta ciki. Tsohon fenti ba a kankare shi, yadda mai hankali ba ta goge baƙin tsohon kaskon waina.

Da irin wannan lallami ne kontarbas ɗin da ake danganta wa Gasparo da Salò, masassaƙin Italiya da ya rasu a 1609, ya kai hannun makaɗi Dragonetti bayan kusan shekara 200, kuma yana nan a birnin Benis har yau.

Mu ma muna da namu ƙaton. Biram na Buduma masuntan Tafkin Cadi, mai siffar kwalekwale da tsirkiya biyar, makaɗa ne suka kusa ƙare masa. A 2002 makaɗi Malam Maman Barka ya samu tallafin UNESCO, ya je ya zauna gaban Bukar Tar, tsohon makaɗin biram da ya rage, ya koya. Malam Barka ya rasu a 2018. Wanda ke da tsohon biram jingine a lungun ɗaki, don Allah ya ɗaga shi daga ƙasa, gara ba ta jira.