Abin da Ke Kawo Baragurbi

Jama'a, a ƙauyukan Ikara da Maƙarfi da Kudan da wuya ka shiga gidan da babu kaji. Amma kukan masu su ɗaya ne: kaza ta kwanta kan ƙwai 15, ta tashi da 'yan tsaki biyar ko shida, saura duk baragurbi. Sai a ɗora wa kazar laifi, alhali yawancin ƙwan nan sun lalace tun ba ta fara kwanci ba.

Ga dalili. Kazar gida takan yi mako biyu ko fiye tana saka kafin ta kwanta, watau ƙwan farko ya riga ya tsufa. Ƙwan da ya wuce kwana 7 ƙarfinsa ya fara raguwa, balle a zafin Maris da Afrilu.

To, ga abin yi. Kullum ku kwashe ƙwan da ta saka, ku bar guda a gurbi don kada ta sake wuri. Ku rubuta ranar kowane da fensir, ku ajiye a ƙwarya kusa da randa inda ke da sanyi. Kada a wanke. Ran da ta fara kwana a gurbi tana hura gashi in an matso, ku zaɓi sababbi 8 zuwa 10 marasa tsaga, ku sa mata da dare gaba ɗaya. Tsofaffin a ci ko a kai kasuwa. Kada ku cika mata, gama wanda fiffikenta bai rufe ba sanyi zai kashe shi. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Akurki ya kasance cikin inuwa, da busasshiyar ciyawa, a barbaɗa toka saboda ƙwarƙwata. A ajiye mata ruwa da tsaba kusa, domin yunwa kan sa kaza ta gudu ta bar ƙwai.

A rana ta 10 ku haska kowane ƙwai da tocila cikin duhu. Mai rai za ku ga jijiyoyi ja a ciki. Wanda haske ya ratsa sarai ku fitar da shi tun bai ruɓe ba. Ƙwan kaza kwana 21 yake yi, na zabo kuwa 26 zuwa 28, saboda haka in damina ta zo kada ku sa mata su rana ɗaya.

Ku lura kuma, kajin gidan gona masu yawan ƙwai, kamar Shika Brown ta Cibiyar Binciken Dabbobi da ke Shika kusa da Zariya, ba su cika kwanci ba. Ƙwan kiret kuma babu zakara a kansa, ba ya ƙyanƙyasa ko ya shekara. Saboda haka wanda ke da kazar gida mai riƙon kwanci, kada Salla ta zo ya yanka ta.

Allah ya ba mu sa'a, amin.