Yadda Tafiyar Yaro Ta Ke Daidaituwa

Kai mai karatu, ka san Hausawa sun ce da rarrafe yaro kan tashi. To, amma ka taɓa tambaya, bayan ya tashi, yaushe tafiyarsa za ta zama irin taka? Abin ya fi daɗewa bisa yadda ka ke tsammani.

Yawancin yara su kan fara tafiya wajen wata 12 da haihuwa. Dubi yaro a lokacin nan. Ya kan tale ƙafafu, ya ɗaga hannuwa, ya buga tafin ƙafa gaba ɗaya a ƙasa. Takunsa gajere ne, mai sauri. Dalili kuwa, kansa babba ne, ƙafafunsa gajeru, ba ya iya daɗewa tsaye bisa ƙafa ɗaya. A shekarar 2012 wata malama a Amurka, Karen Adolph, da abokan aikinta suka ƙidaya takun yara masu wata 12 zuwa 19 suna wasa. Suka tarar yaro ya kan yi taku fiye da 2,000 cikin sa'a guda, ya faɗi kamar sau 17. Watau faɗuwa tana cikin koyo.

Kafin ya cika shekara 2, sai ka ga ya fara sa diddige tukuna, hannuwansa sun sauko suna lilo. Wani likita, David Sutherland, ya auna yara 186 masu shekara 1 zuwa 15, ya bayyana a 1980 cewa wajen shekara 3 siffar tafiyar yaro ta yi kama da ta babba.

Amma kama ba ita ce daidai ba. Ka tuna da yaron makaɗi. Ya iya riƙon ganga, ya san kiɗan, amma bugu ɗaya ya yi sauri, na biyu ya makara. Haka tafiya ta ke. Babban mutum, in yana tafiya, lokacin da ke tsakanin taku da taku kusan ɗaya ne kullum. Na yaro kuwa yana sāɓawa.

A 1999 wani masani, Jeffrey Hausdorff, da abokansa suka sa wa yara 50 wani ma'auni cikin takalma, suka sa su tafiya minti 8. Masu shekara 3 zuwa 4 takunsu ya fi sāɓawa. Na masu shekara 6 zuwa 7 ya fi daidaita, amma da saura. Sai masu shekara 11 zuwa 14 ne suka kusa kai manya. Ƙafa tana tsawo, ƙwaƙwalwa da jijiyoyi suna ƙwarewa, sannu a hankali.

To, ga amfanin sanin wannan. In kana tafiya kasuwa da ɗanka ɗan shekara 5, ya yi tuntuɓe ko ya tsaya baya, kada ka finciko shi, kada ka ce lalaci ne. Rage saurinka. Ka bar ƙarami ya yi ta tatata a tsakar gida, ka kau da wuta da ruwan zafi daga hanyarsa, ka rufe rijiya. Amma in ya cika wata 18 bai fara tafiya ba, ko yana ɗingishi, ko ya iya tafiya sa'an nan ya daina, kada ka jira. Kai shi asibiti likita ya duba shi.