Mai Jagorantar Addu'a a Majami'un Yamai

A Yamai akwai aikin da ba a kasa shi a kasuwar Katako ko ta Wadata. Ba shi da rumfa, ba shi da farashi, amma yana da kayan aikinsa da ƙa'idojinsa, yana da gwanaye da 'yan koyo. Shi ne aikin wanda yake miƙewa gaban ikilisiya ran Lahadi, ya ce wa jama'a su sunkuyar da kai, ya ɗaga murya ya yi roƙo a madadin kowa. Mai kallo daga nesa zai ce ai minti biyar ne. Masu yin sa sun san mako guda ake ɗauka ana haɗa waɗannan mintuna.

Kiristoci a Nijar 'yan tsiraru ne, ƙidayar 2012 ta nuna ba su kai ɗaya cikin ɗari ba. Amma sun daɗe a ƙasar. 'Yan mishan na SIM sun sauka a Damagaram a 1924, suka kafa zango a Tsibiri kusa da Maraɗi, suka buɗe asibitin Galmi a 1950, kuma daga aikinsu ikilisiyar EERN ta fito wajejen lokacin samun 'yancin kai. Katolika kuwa babbar majami'arsu tana tsakiyar Yamai, ƙarƙashin Akbishop Laurent Lompo, Bagurme daga yankin Makalondi, ɗan ƙasa na farko da ya kai muƙamin bishop. Tsakanin waɗannan da ƙananan majami'un Bukoki, Talaje, Gamkale da Haro Banda, kowace Lahadi sai an samu wanda zai ja addu'a. Wani lokaci fasto ne ko fada. Sau da yawa kuwa dattijon ikilisiya ne, ko katekis, ko mai bishara, ko wata uwa daga zumuntar mata.

Kayan aikin farko kunne ne. Tun daga Litinin mai jagorantar addu'a yake tattara abin da zai kai gaban Allah. Yakan je gaisuwar mutuwa, ya leƙa mara lafiya a babban asibiti ko a na Lamorde, ya zauna taron addu'a na tsakiyar mako inda ake ba da shaida ana faɗin bukatu. Wani zai ja shi gefe bayan sujada ya ce, "Baba, a sa ni cikin addu'a." Wata za ta danƙa masa 'yar takarda a ninke. Yanzu har ta WhatsApp saƙonni suke shigowa cikin dare: yaro zai zauna jarabawa, miji ya tafi Agadas an daina jin ɗuriyarsa, mai gida ya ba da wa'adin tashi, an sauka lafiya an samu 'ya mace. Wanda bai taka ƙafa ya ji waɗannan ba, in ya tsaya gaban jama'a sai ya yi ta jero kalmomi masu daɗi da ba su taɓa kowa ba.

Kayan aiki na biyu Littafi Mai Tsarki ne. An kammala fassara shi da Hausa a 1932, na Zabarmanci kuma ya fito cikakke a 1990, ga na Faransanci a hannun 'yan boko. Gwani yakan tambayi mai wa'azi tun da wuri wace sura zai karanta, don addu'a da wa'azi su tafi hanya ɗaya. Yakan daɗe a cikin Zabura, domin a nan ake koyon yadda mutum yake kuka gaban Allah ba tare da ya yanke ƙauna ba, da yadda yake godiya ba tare da ya yi alfahari ba.

Daren Asabar ake tankaɗe da rairaya, kuma nan ne gwanintar take. Ba duk abin da kunne ya ji ake faɗa a bainar jama'a ba. Matar da ta kawo kukan aurenta ba ta ce a yi shelarsa ba. Wanda ciwonsa yake jin nauyin a sani, sai a roƙa wa marasa lafiya gaba ɗaya, shi ya san da shi ake, Allah ma ya sani. Suna ba ya fita sai da iznin mai shi. A ƙaramar ikilisiya inda kowa ya san ƙofar gidan kowa, kalma ɗaya da ta zarce takan raba zumuncin shekaru. Shi ya sa dattawa suke duba riƙon amanar mutum kafin su duba daɗin bakinsa.

Daga nan sai jerawa. A majami'un bishara an saba farawa da yabo, a furta zunubi, a yi godiya, sannan a shiga roƙo, a rufe da sunan Yesu. Yawanci ba a rubutawa, sai dai 'yan kalmomi a bayan takardar sanarwa don kada a manta da wani. A Katolika tsarin a shimfiɗe yake tun da babban taron Batikan na biyu ya maido da addu'ar masu bi a 1963: fada ya buɗe, mai karatu ya jero bukatu ɗaya bayan ɗaya, jama'a suna amsawa, fada ya rufe. Ana farawa da bukatun ikilisiya, sai shugabanni da duniya, sai waɗanda suke cikin wahala, sai jama'ar wurin. Kowace hanya aka bi, ba a barin ƙasa a baya. Ana roƙon damina mai albarka, ana roƙa wa masu mulki hikima, ana roƙa wa sojojin da suke daji kariya, ana roƙa wa maƙwabta Musulmi alheri.

Harshe shi ne babban abin da ya bambanta Yamai. A benci ɗaya za ka ga Bazabarme, Bahaushe daga Dogon Dutsi, Bagurme, ɗan Benin, ɗan Togo, ɗan Burkina da ɗan kasuwa daga Nijeriya. Saboda haka sau da yawa tafinta yana tsaye kusa da mai addu'a. Wanda ya iya aiki da tafinta yakan gajarta zance, ya faɗi magana ɗaya cikakkiya ya dakata, ya guji karin maganar da ba ta haye zuwa wani harshe. Wasu gwanayen sukan fara da Faransanci, su gangaro Hausa, su ƙarasa da Zabarmanci, don tsohuwar da ke bencin baya ta ji an roƙa da bakinta.

In lokaci ya yi, mawaƙa sun sauke murya, ganga ta yi shiru, sai ya matso. Ba ya cewa "ni", "mu" yake cewa, domin bakin jama'a aka ara masa. Ba ya gaggawa, ba ya kuma ja har yara su fara mutsu-mutsu, musamman a watan Afrilu da Mayu da zafi yake wuce digiri 40 a ƙarƙashin rufin kwano. Akwai kurakuran da dattawa suke gargaɗi a kai: mayar da addu'a wa'azi na biyu, fakewa da ita a yi wa wani habaici, cika ta da maimaita sunan Allah don an rasa abin faɗi, ko ƙara wa lasifika murya har a dami maƙwabta. Awon aikin yana ƙarshe. In "Amin" ta fito da ƙarfi daga kowane lungu, an san jama'a sun karɓi abin da aka faɗa a madadinsu. In ta fito a sanyaye, mai addu'a ya san akwai waɗanda ya bari a hanya.

Addu'a ba a sayar da ita, kuma masu mutunci a wannan aiki suna ƙyamar wanda yake sa mata kuɗi. Baikon da ake tarawa yana tafiya wajen hayar wuri, wutar lantarki, man injin wuta, gyaran lasifika, taimakon gwauraye da ɗan abin da ake ba fasto. Dattijo ko katekis yawanci ba ya karɓar komai, ko kuma abin da yake karɓa bai kai ya riƙe gida ba. Malamin makaranta ne, ko tela, ko bakanike, ko ma'aikaciyar jinya. Daga aljihunsa kuɗin kabu-kabu zuwa asibiti yake fita, da katin waya, da ɗan abin da zai ajiye a gefen gadon majinyaci, domin ba a zuwa dubiya hannu rabbana. Ribarsa ita ce a neme shi ran suna, ran aure da ran jana'iza, a kuma amince masa da abin da ba a faɗa wa kowa ba.

Wahalar aikin ba ta tsaya ga aljihu ba. Ran 16 da 17 ga Janairun 2015, tarzomar da ta biyo bayan zanen ɓatancin wata jaridar Faransa ta ci rayukan aƙalla mutum 10 a Damagaram da Yamai, aka ƙona majami'u 45 a babban birnin bisa ƙidayar 'yan sanda. Waɗanda suka ja addu'a a makonnin da suka biyo baya, wasu a tsakar gida wasu a cikin kango, sun ɗauki nauyi mai girma: su faɗi zafin da mutane suke ji da gaskiya, su kuma roƙi gafara ga waɗanda suka yi ɓarnar, su gode wa Allah saboda maƙwabta Musulmi da suka ɓoye Kiristoci a gidajensu. Bayan haka rashin tsaro a jihar Tilaberi ya koro iyalai daga ƙauyukan Gurma. Fada Pier Luigi Maccalli da aka sace a Bomoanga a 2018 ya shekara biyu a hannun masu garkuwa, ana ta ambatonsa a addu'a har aka sako shi a 2020. A shekarar 2020 ɗin kuma kogin Kwara ya yi ambaliya ya cinye gidaje a hayin birnin. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 kuma takunkumi ya zo da tsadar abinci da ɗaukewar wuta. A irin wannan lokaci mai addu'a yana auna kowace kalma, domin a gabansa akwai masu ra'ayin siyasa daban-daban, kuma dukansu yake so su iya cewa Amin.

Akwai makarantun Littafi Mai Tsarki, irin ta Agye a jihar Maraɗi, amma yawancin masu wannan aiki a gindin manya suka koya. Yaro yakan fara da addu'ar cin abinci a gida, ya haddace Addu'ar Ubangiji, a ba shi buɗe taron matasa, sannan addu'ar baiko wadda gajeriya ce. Dattijo yana saurare, bayan an tashi ya kira shi gefe ya nuna masa inda ya tsawaita da wanda ya manta. Sai an ga yana zuwa dubiya ba tare da an aike shi ba, an kuma gwada shi da sirri bai fasa ba, sannan ake miƙa masa babbar addu'ar Lahadi. Ikilisiyar da take son samun masu addu'a nagari gobe, tun yau za ta riƙa tura 'ya'yanta asibiti da gidan makoki tare da dattawa, domin a can ake koyon aikin.