Takardun da ya kamata a nema wajen ɗan kwangilar tace ruwa

A biranen da ruwan famfo ba ya wadatarwa, gidaje da otal-otal da makarantu sun koma ga rijiyar burtsatse. Daga nan aka samu 'yan kwangila masu ɗora na'urorin tace ruwa, kuma akasarinsu hujjar da suke nunawa ita ce takardar Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC. Takardar nan shaida ce cewa kamfanin yana nan a idon doka. Ba ta cewa komai game da ƙwarewarsa.

A wasu jihohin Amurka, irin su Texas da Minnesota, akwai lasisi na musamman ga masu wannan sana'a. A Najeriya kuwa aikin ya rarrabu a hannun hukumomi da dama, kowace da iyakarta.

Idan ruwan na sayarwa ne, a leda ko a gora, sai da rajistar Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna, NAFDAC, wadda aka kafa a 1993. Jami'anta kan duba masana'anta, su gwada ruwan, kafin su ba da lamba. Sai dai lambar ta ruwan ce da wurin da ake sarrafa shi. Wanda ya ɗora na'ura ba shi da ikon jingina da ita. Ɗiban ruwan ƙarƙashin ƙasa don kasuwanci ma yana buƙatar izini a ƙarƙashin Dokar Albarkatun Ruwa ta 1993, ko da yake dokar ta sassauta wa mai ɗiba don amfanin gida. Wanda kuma ya kira kansa injiniya, doka ta wajabta masa rajista da majalisar COREN, don haka neman lambar rajistarsa ba cin fuska ba ne.

Inda aka fi yin asara shi ne wajen rashin bambance gyaran ruwa mai nauyi da tsarkake shi. Ruwa mai nauyi shi ne wanda sabulu ke wahalar kumfa a cikinsa, mai barin farin ɓawo a gindin buta da cikin bututu. Sinadaran kalsiyam da magnesiyam ne ke jawo haka, kuma an fi samunsa a inda ƙasa ke da dutsen da ake yin siminti da shi. Na'urar da ke gyara shi tana ɗauke da wasu ƙananan ƙwayoyi masu kama waɗannan sinadarai su saki sodiyam a madadinsu, shi ya sa ake ciyar da ita gishiri lokaci-lokaci. Ruwan zai yi kumfa, tufafi su fita, amma na'urar ba ta kashe ƙwayar cuta ko ɗaya. Rijiyar da aka haƙa kusa da masai tana iya ba da ruwa garai-garai mai ɗauke da taifot ko kwalara. Maganin wannan sai kulorin ko fitilar da haskenta ke kashe ƙwayoyin cuta.

Mizanin da ake aunawa da shi yana nan a rubuce. Ƙa'idar ingancin ruwan sha ta Najeriya, NIS 554, wadda hukumar SON ta fitar a 2007 aka sabunta a 2015, ta kayyade nauyin ruwa a miligiram 150 cikin lita ɗaya, dalma kuma kada ta wuce miligiram 0.01. Ƙwayar E. coli, alamar cuɗanya da bayan gida, ba a yarda a same ta ba sam.

Saboda haka, ɗan kwangilar da ya yanka farashi tun bai kai ruwan ɗakin gwaji ba, hasashe kawai yake yi. Abin da ya dace a sa a yarjejeniya shi ne gwaji biyu a ɗakin gwajin da ba nasa ba, ɗaya kafin aiki, ɗaya bayansa, tare da jadawalin sauya matatai da zuba gishiri. Cikon kuɗi kuma a riƙe shi har sai sakamako na biyu ya fito.