Hoton da ke Tallar Gem: Ta Yaya Ake Gane Ya Yi Aikinsa?

A ƙauyukan Batsari da Safana, irin su Yasore, matashi kan karɓo wayarsa daga wurin mai caji, ya sayi 'yar datar da aljihunsa zai iya, ya nemi gefen da sabis ya fi kamawa, sannan ya buɗe Play Store yana neman gem. Abin da zai tarar jerin ƙananan hotuna ne, kowanne bai wuce faɗin farcen babban yatsa ba. Bayanin da ke ƙarƙashinsu da Turanci yake, ba kuma kowa ke tsayawa karantawa ba. Yatsa na tafiya, ido na bin sa, can sai ya tsaya a kan ɗaya. Wannan tsayawar ita kamfanonin wasanni ke kashe maƙudan kuɗi domin su samu.

Talla da hoto ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Lokacin da kasuwar Ƙofar Wambai a Kano ke cike da kaset da faifan fim, furodusa ya san fosta ce rabin cinikinsa, kuma fuskar jarumi irin Ali Nuhu a jikinta na iya sa dillali ya ƙara yawan kwafin da zai ɗauka. Haka marubutan littattafan soyayya suka riƙa wahala a kan bango. Masu kallo kuma ba su manta da ƙorafin wancan zamani ba: a cika fosta da fuskar babban jarumi, ka sayi fim, ka tarar fitowa biyu kacal ya yi. Yau cinikin ya koma YouTube, inda shirye-shirye irin su Izzar So da Labarina ke fitar da kowane kashi da hotonsa. Bambancin kawai shi ne, a da sai an yi makonni kafin a san ko fosta ta ja kasuwa, yanzu kuwa na'ura na ƙirga duk idon da ya gani da duk yatsan da ya taɓa.

Gasar ba ƙarama ba ce. A shekarar 2023 kaɗai, sababbin wasanni sama da 14,000 aka saki a Steam, babbar kasuwar wasannin kwamfuta ta kamfanin Valve na Amurka. Netflix kuma ya bayyana a 2016 cewa mai neman abin kallo ba ya cika daƙiƙa biyu a kan kowane fim kafin ya wuce, kuma hoton ne ya fi ɗaukar hankalinsa.

Saboda haka dole a gwada hoto kafin a dogara da shi, kuma gwajin farko ba ya buƙatar ko sisi. Google na neman a ɗora tambarin manhaja mai ɗigo 512 a tsaye da 512 a kwance, mai zane kuma yakan yi aikinsa a babban allon kwamfuta, inda kowane gashin gira ke fitowa tsaf. Amma ba a nan za a gan shi ba. A ƙaramar Itel ko Tecno za a gan shi, wataƙila gilashinta ya tsage, an rage mata haske don kada caji ya ƙare, ga rana tsaka. Sai a ƙanƙantar da hoton zuwa wannan girman, a jera shi cikin na abokan gasa, a nuna wa wanda bai san gem ɗin ba na daƙiƙa biyu, a kife wayar, a tambaye shi: wane irin wasa ne wannan? In ya ce na faɗa ne alhali na noma ne, zanen ya faɗi, komai kyansa. Nan ake gane cewa mutum biyar da doki da gari duk a cikin hoto ɗaya dunƙulewa suke yi su zama tabo, siririn rubutu kuma ɓacewa yake. Fuska ɗaya ko abu ɗaya, da launin da ya bambanta da na bayansa, su ke tsira.

Sai dai dabarar da ta yi aiki ba ta daɗewa ba a kwafe ta ba. Clash of Clans, wanda kamfanin Supercell na ƙasar Finlan ya fitar a 2012, ya shahara da hoton mayaƙi ya wangale baki yana ihu. Daga baya wasannin yaƙi barkatai suka cika kasuwa da masu ihu, har ta kai mai nema ba ya bambance wannan da wancan.

Gwaji na biyu na lissafi ne. Tun 2015 Google ya bai wa masu manhaja damar gwada hoto fiye da ɗaya a lokaci guda, Apple kuma ya bi sahu a ƙarshen 2021, inda ya yarda a gwada sababbi har uku a kan na asali, na tsawon da bai wuce kwana 90 ba. Ana raba masu shigowa ba tare da sun sani ba, wasu su ga hoton farko, wasu na biyu, sannan a ƙirga waɗanda suka sauke a kowane ɓangare. A ce mutum 1,000 sun ga na farko, 30 suka sauke, wasu 1,000 suka ga na biyu, 36 suka sauke. Mai gaggawa zai ce na biyu ya yi nasara. Ba lallai ba ne, domin tazarar mutum shida a irin wannan adadi na iya zama dace kawai, gobe ta juye. Sai masu gani sun yi yawa, kuma gwajin ya ɗauki aƙalla mako guda, tunda masu shiga ranar Juma'a da yamma ba su ne na Litinin da safe ba. Kuma abu ɗaya ake canzawa a kowane gwaji. Wanda ya sauya launi da fuska da rubutu a tare, ko ya ci riba ba zai san wanne ya jawo ta ba.

A nan ne nake ganin mutane da yawa ke ɓata hanya, don sun ɗauka yawan dannawa shi ne nasara. Ai ƙarya ma tana jan yatsa, har ta fi gaskiya saurin ja. A 2020 hukumar kula da tallace-tallace ta Birtaniya ta haramta wasu tallace-tallacen Homescapes da Gardenscapes na kamfanin Playrix, domin suna nuna wasan zare sanduna a ceci wanda ke cikin haɗari, alhali ainihin gem ɗin na jera abubuwa masu kama da juna ne, abin da aka nuna kuma ɗan kaɗan ne a cikinsa. Valve ma daga 1 ga Satumba 2022 ya hana cika hoton gem da makin masu sharhi da sunayen kyaututtuka. A Steam ɗin kuma wanda ya sayi gem yana iya karɓar kuɗinsa cikin kwana 14 muddin bai buga na sa'a biyu ba, don haka mai hoton yaudara kansa yake cuta. Da YouTube ya buɗe wa masu tashoshi gwajin hotuna uku a 2024, bai ɗora hukunci a kan yawan masu dannawa ba, a kan tsawon lokacin da suka zauna suna kallo ya ɗora shi. Masu wasanni na gaske ma abin da suke dubawa ke nan: cikin waɗanda suka sauke, nawa suka dawo washegari, nawa bayan kwana bakwai, nawa bayan talatin. Hoto alkawari ne, kyan alkawari kuwa cikawa.

Wannan magana ta fi nauyi a wuri irin Yasore. Ana cewa gem kyauta ne, amma data ba kyauta ba ce, balle tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025. Yaron da hoto ya ruɗa ya kashe kuɗin da ya samo da gumi, ya jira sabis mai zuwa yana ɗaukewa, wataƙila har ya goge hotunan biki don ya sami wuri a waya, ƙarshe ya buɗe ya tarar ba abin da aka nuna masa ba ne. A lissafin kamfani an sami ƙarin mutum ɗaya. Shi kuwa an cuce shi, kuma ba wanda zai biya shi.

Akwai kuma abin da lissafin kamfanonin ba ya gani sam. Wasanni da yawa a karkararmu hannu da hannu suke yawo, ta manhajar Xender, daga wayar aboki ko kwamfutar mai tura fina-finai. Lokacin da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Katsina a Satumbar 2021 saboda matsalar tsaro, har da Batsari da Safana, hanyar da ta rage ke nan tsawon watanni. A irin wannan ciniki, tambarin da ke kan allon wayar aboki shi ne talla, kuma Google ba zai taɓa ƙirga shi ba. Haka nan ba zai ƙirga uban da ya leƙa wayar ɗansa, ya ga mace da shigar da ba ta dace ba a jikin tambari, ya sa a goge nan take ba. Hoton da ya ci gwaji a Turai na iya faɗuwa a zauren gidan Bahaushe.

Kamfanoni irin su Maliyo Games na Legas, wanda aka kafa a 2012, sun nuna ana iya yin gem da kayan gida. Ɗaliban kwamfuta na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da ta Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke tunanin yin gem ɗin dambe ko dara ko langa, ina roƙonsu kada su tsaya ga yabon abokan aji. Su ɗauki zane biyu ko uku a ƙaramar waya, su nuna wa matasan da suke so su buga, su saurari abin da za su ce sun gani.

Kai kuma mai saukewa, kafin ka danna, gangara ƙasa ka duba hotunan cikin wasan, ka ga nauyinsa megabait nawa ne da shekarun da aka ƙayyade masa, sannan ka karanta abin da masu ba shi tauraro ɗaya suka rubuta.